Yadda Ake Zaɓen Inshora ga Jirgin Ruwan Shaƙatawa da Ke Kwana a Turken Tsakiyar Ruwa

Jirgin ruwan shaƙatawa wuraren kwanansa uku ne. Ko a jingine shi da dakali a cikin tasha mai katanga, ko a ɗaga shi a ajiye a tudu, ko kuma a ɗaure shi a turke guda can tsakiyar ruwa. Na ukun ya fi sauƙin kuɗi, shi ne kuma wanda kamfanonin inshora suka fi ɗari-ɗari da shi. Wasunsu da jin an ce jirgi a turke yake sai su ce ba sa ciki, wasu su karɓa amma su cusa sharuɗɗa a cikin takarda waɗanda mai jirgi ba zai lura da su ba sai ranar da ya zo neman diyya.

Dalilin ɗari-ɗarin yana cikin yadda turken yake. A ƙasan ruwa akwai abu mai nauyi: curin kankare, ko anga biyu zuwa uku da aka haɗa, ko dogon ƙarfe mai zare da ake murɗawa cikin laka. Daga jikinsa sarƙa mai kauri take kwanciya a ƙasa, wata sarƙar da ba ta kai ta kauri ba ta taso sama, sai majuyin ƙarfe da ke hana sarƙa murɗewa, sai ƙwallo mai iyo, sannan igiyar da ke zuwa goshin jirgi. Jirgin yana zagaya wannan wuri kamar doki a turke, iska ta juya shi, teku ya ciko ya juya shi, ya janye ya sake juya shi, dare da rana. A tasha igiya huɗu ko fiye ke riƙe da jirgi, in ɗaya ta tsinke sauran suna nan. A turke layi guda ne tun daga laka har goshi, duk inda ya yanke shi ke nan, jirgi ya kama hanya, ko ya faɗa kan duwatsu ko ya afka wa jiragen maƙwabta.

Mataki na 1: Ka san turkenka kafin ka kira kowa

Duk kamfanin kirki tambayoyin turke zai fara yi maka, don haka ka haɗa amsoshin tun da wuri. Na wa ne turken? Naka ne, ko haya kake yi daga hukumar tashar ruwa, ko daga ƙungiyar masu jirage, ko aro wani ya ba ka? Akwai lasisin kafa shi a wurin? Wa ya kafa shi, kuma don jirgi mai wane tsawo da wane nauyi? Wannan ta ƙarshe mutane suna raina ta. Turken da aka yi wa jirgi mai mita 8 ba ya zama na mai mita 12 don kawai an canza suna a takarda. Nauyi ya ƙaru, faɗin jikin da iska ke bugawa ya ƙaru, da'irar da jirgi ke zagayawa ma ta faɗaɗa har tana iya shiga ta maƙwabci.

Sai ka rubuta yanayin wurin: zurfin ruwa idan teku ya ciko da idan ya janye, ko ƙasan laka ne ko yashi ko dutse, ko jirgin yakan zauna a ƙasa idan ruwa ya janye, da kuma ɓangaren da wurin yake a buɗe. Wurin da tudu ya kare ta uku amma ta ɗaya akwai buɗaɗɗen ruwa mai nisan kilomita da yawa, ranar da iska ta taso ta nan igiyar ruwa za ta sami filin girma kafin ta iso. Masu inshora sun san irin waɗannan wurare da sunayensu, domin sun sha biyan diyya a kansu.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne takardar duba turke ta baya-bayan nan, mai kwanan wata da sa hannun wanda ya yi aikin. In babu, ka tsaya nan, ka sa a duba tukuna.

Mataki na 2: Ka yanke irin kariyar da kake so

Iri biyu ne manya. Akwai wadda take biyan ɓarnar da jirginka ya yi wa wasu kawai, mutum ne ko dukiya. Akwai kuma cikakkiya, wadda ta haɗa da wannan da kuma jikin jirginka, injinsa, sandar filafilai da wayoyinta, da kayan da ke ciki.

Ta farkon ba abin da za a yi ciniki a kai ba ce ga jirgin turke, ko da jirgin tsoho ne da bai kai a yi masa kuka ba. Tsohon jirgi in ya tsinke cikin dare, ba ruwansa da cewa wanda zai buga sabo ne mai ninkin darajarsa goma. A Birtaniya tasoshi da hukumomin ruwa sukan nemi kariya ta fam miliyan 2 ko 3, a Ostareliya an saba ganin dalar ƙasar miliyan 10. Ƙasashe irin su Sifen, Italiya da Girka doka ce ta wajabta wannan inshora ga jiragen shaƙatawa. Ka tambayi wanda ya ba ka izinin turke adadin da yake nema, ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci.

A nan akwai abubuwa uku da ya kamata ka gani da idonka a rubuce. Na farko, kuɗin fitar da gawar jirgi. Idan jirgi ya nutse a kan turkensa, hukuma ba za ta bar shi ya tare hanya ba, za ta ce ka fitar da shi, kuma aikin masu nutso da injin ɗaga kaya yakan ci kuɗin da ya wuce darajar ƙaramin jirgi. Ba kowace inshora mai araha ce ke ɗaukar wannan ba, wasu kuma cikin darajar jirgin suke cire shi, kai kuma ka tashi da ragowa. Wadda ta ware masa kaso na daban ta fi. Na biyu, malalar mai a ruwa da kuɗin tsaftace shi. Na uku, ladan ceto. A dokar teku wanda ya ceci jirgin da ke cikin haɗari yana da haƙƙin lada gwargwadon darajar abin da ya ceto da wahalar da ya sha, ba gwargwadon awannin da ya yi ba; haka yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1989 kan ceto ta tsara. Jirgin da ya tsinke yana yawo ba kowa a ciki, irinsa ne ake ceto a zo da lissafi.

Mataki na 3: Ka nemo sakin layin da ya yi magana kan maɗauri

Wannan ne zuciyar aikin. Kada ka tsaya a shafin farko mai ɗauke da farashi. Ka nemi cikakkiyar takardar sharuɗɗa kafin ka biya ko sisi, ka karanta duk inda aka ambaci wurin ajiye jirgi.

Ka fara da wurin. Sunan mashigin ruwan da turkenka yake, da cewa turke ne mai juyawa, dole su fito ƙarara a jadawalin inshorar. Idan takarda ta ce jirgi a tasha yake kwana alhali a turke yake, kuɗin shekara zai yi sauƙi, amma ka sayi takardar banza.

Sai watanni. A ƙasashen arewacin Turai kamfanoni da yawa suna yarda da turke ne a lokacin ɗumi kawai, galibi daga Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma sai an ɗaga jirgi tudu ko an kai shi tasha. Ranar da aka rubuta ita ce rana. Injin ɗaga jirage ya lalace, ko layi ya yi tsawo, ko aiki ya riƙe ka, duk ba hujja ba ce sai in ka kira su tun kafin ranar sun ƙara maka lokaci a rubuce. Mai son jirginsa ya zauna a ruwa shekara cur ya faɗa tun farko, ya ga wanda zai karɓa.

A yankuna masu zafi kuma maganar guguwa ce. Lokacin manyan guguwowin Atilantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, na yankin Ostareliya kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu. Wasu takardun suna cire duk ɓarnar guguwa mai suna, wato babbar guguwar da hukumar yanayi ta raɗa wa suna, idan jirgi na cikin wani yanki da suka shata. Wasu suna neman ka ba su tsari a rubuce na abin da za ka yi in an yi gargaɗi: ina za ka kai jirgi, wa zai kai shi in ba ka gari, cikin awa nawa. Kada ka rubuta tsarin da ka san ba za ka iya cikawa ba don kawai ya yi kyau a ido, domin da shi za a auna ka.

Sai duba turke. Mafi yawan takardu suna cewa a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. A wasu wuraren ma hukuma ce ta ɗora wannan, kamar jihar New South Wales ta Ostareliya inda ake buƙatar a yi wa turke hidima duk wata 12. Tambayar da za ka yi ita ce: wa suka yarda ya duba? Ƙwararren ɗan kwangila mai takarda kaɗai, ko kai ma kana iya yi? Sai an ɗago sarƙar sama an auna ta, ko mai nutso ya wadatar? Idan turken na haya ne, kada ka ce ai mai shi yana dubawa. Ka karɓi kwafin rahoton duk shekara, domin kai inshora za ta tambaya, ba shi ba.

Dubawar nan ba al'adar takarda ba ce kawai. Sarƙa tana cinyewa ne a inda zobe ke gogar zobe, musamman wurin da take tashi daga ƙasa tana komawa, inda yashi ke aikin gurza. Ƙarfin zobe yana bin faɗin fuskar ƙarfensa ne in an yanka shi a tsakiya, shi ya sa ƙaramin ragi a kauri yake zama babban ragi a ƙarfi: zobe mai milimita 20 da ya koma 16 ya rasa kashi 36 cikin 100 na ƙarfensa, ido kuwa zai ce da sauransa. Iska kuma in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin da take tura jirgi da shi ninki huɗu yake yi. Ga kuma ƙananan abubuwa masu kayar da manya: kusar mahaɗin sarƙa da ba a ɗaure ta da waya ba har ta warware a hankali, ko haɗa ƙarfe marar tsatsa da ƙarfe mai rufin zinki a cikin ruwan gishiri, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Igiyar goshi ma sau da yawa ita ke fara tafiya, ta goge a bakin ƙarfen da take bi har ta yanke. Wasu kamfanoni suna sharaɗin a sa igiya ta biyu ko guntuwar sarƙa a matsayin madadi. Ko ba su ce ba, ka sa.

Mataki na 4: Ka gane bambancin tsufa da haɗari

Inshorar jirgi haɗari take biya, ba ta biyan tsufa. Kusan kowace takarda tana cire lalacewar yau da gobe, tsatsa, ruɓewa, da cin da tsutsar ruwa ke yi wa katako. Wannan babu gardama. Gardamar tana zuwa ne idan abu mai tsufa ya jawo babbar asara.

Ɗauki misali: mahaɗin sarƙa ya yi tsatsa ya karye, jirgi ya tafi ya fashe a kan dutse. Wata takardar za ta ce ba ta biyan mahaɗin, amma tana biyan jirgin, tunda fashewar haɗari ce da ta biyo baya. Wata kuma za ta ce duk asarar daga tsatsa ta samo asali, don haka ba ta biyan komai. Farashin takardun biyu yana iya zama kusan ɗaya. A ganina wannan sakin layi shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya bar kamfani ya koma wani. Ka ba dillalin inshora wannan misalin daidai yadda yake, ka ce ya nuna maka layin da ya amsa shi.

Haka maganar nutsewa a hankali. Jirgin turke ba shi da wutar lantarki daga tudu. Ruwan sama ya taru, ganye ya toshe magudanar wurin zama, famfon kwashe ruwa ya yi ta aiki har batir ya mutu, bayan mako uku a tarar da sanda kaɗai a sama. Takardu da dama suna cire ruwan da ya shiga sannu a hankali, wasu kuma suna ɗora sharaɗin a riƙa leƙa jirgi duk bayan wasu kwanaki da suka ƙayyade. In gidanka da nisa, ka nemi wanda zai riƙa leƙawa, ka tabbatar kamfanin ya yarda da leƙawar wakili, kuma a riƙa rubuta ranakun.

Mataki na 5: Daraja da kason da ke kanka

Hanya biyu ake sa wa jirgi daraja. A ta farko ku da kamfani kuna amincewa da adadi tun ranar sa hannu, in jirgi ya salwanta gaba ɗaya wannan adadin za a biya. A ta biyu sai bayan asara za a kimanta abin da jirgin zai yi a kasuwa a ranar, kuma kimantawar mai biya ba ta cika yi wa mai karɓa daɗi ba. Ga tsohon jirgin da aka kashe wa kuɗi, sabon inji, sababbin filafilai, ta farkon ta fi kwanciyar hankali. Ko a cikinta ma ka duba, domin akan rage wani kaso na tsufa a kan filafilai, rumfa, batir da injin rataye, wato injin da ake maƙalawa a bayan kwalekwale.

Kason da ke kanka shi ne abin da za ka fara ɗauka daga aljihunka a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. Ba guda ɗaya ba ne kullum. Akwai na yau da kullum, wani lokaci akwai ƙari na musamman idan asarar daga tsinkewar turke ta zo, na guguwa mai suna kuma sau da yawa kaso ne cikin ɗari na darajar jirgi gaba ɗaya. Jirgi mai darajar 100,000, da kowane irin kuɗi ake lissafi, in kason guguwa 10 cikin 100 ne, 10,000 na farko naka ne ko da ɓarnar duka 12,000 ce. Ka yi wannan lissafin da lambobin jirginka kafin ka yi murna da sauƙin kuɗin shekara.

Mataki na 6: Ƙaramin kwalekwale, injin rataye da sata

Mai turke ba ya rabuwa da ƙaramin kwalekwalen da ke kai shi jirgi. Ka sa a rubuta shi a jadawali shi da injinsa, da lambar injin. Yawancin kamfanoni suna so a rubuta sunan babban jirgi a jikin kwalekwalen, injin kuma a kulle shi da makulli na musamman bayan maƙalewarsa ta asali. Satar kayan cikin jirgi galibi sai an ga alamar fasawa ake biya. Ka tambaya ko kariyar ta bi kwalekwalen lokacin da yake ajiye a bakin ruwa kai kana gida.

Turken kansa fa? Sarƙa da ƙwallo da kankare ba jikin jirgi ba ne, takardu da yawa ba sa lissafa su. In naka ne, ka tambaya. Ka kuma tambayi abin da zai faru idan ka ba wani aron turken ya tsinke da jirginsa.

Mataki na 7: Rahoton masani, da faɗin gaskiya

Jirgin da ya haura shekara 20 ko 25 akan nemi a ɗaga shi sama ƙwararren mai duba jirage ya bincika, a kuma maimaita bayan wasu shekaru. Gyare-gyaren da ya lissafa sukan zama sharaɗi, da wa'adin kammalawa. Wayoyin da ke riƙe da sandar filafilai ma kamfanoni da yawa suna fara tambayar shekarunsu idan sun kai 10, kuma jirgin turke, da yake ba ya daina rausaya, wayoyinsa suna aiki ko ba a tafiya.

Duk abin da aka tambaye ka, ka faɗa yadda yake: asarar baya, tsinkewar da aka taɓa yi ko da ba ka nemi diyya ba, ko kana kwana a jirgin, ko kana ba da shi haya, ko kana shiga tsere, ko kana tuƙi kai kaɗai, iyakar ruwan da kake zuwa. Dokar inshorar teku ta Birtaniya ta 1906, wadda ƙasashe da yawa suka yi koyi da ita, tana da tsauri: saɓa sharaɗin da aka yi alkawarinsa yana sauke wa kamfani nauyi daga ranar, ko saɓawar ba ta da alaƙa da asarar. Dokar 2015, da ta fara aiki a Agustan 2016, ta sassauta wannan a Birtaniya, ta mayar da shi dakatarwa har sai an gyara. Ba ko'ina aka yi wannan gyara ba. Don haka ka duba ƙarshen takarda, inda aka faɗi dokar ƙasar da za a yi hukunci da ita.

Mataki na 8: Kwatanta, a rubuce

Ka nemi farashi daga wurare uku ko huɗu, ciki har da dillalin da jiragen ruwa ne sana'arsa, domin shi ya san kamfanonin da ke karɓar turke a yankinka. Ka ba kowa bayani iri ɗaya. Ka ja layi a takarda: watannin turke, sharaɗin dubawa, asarar da ta biyo bayan tsatsa, fitar da gawar jirgi, guguwa, irin daraja, kason da ke kanka. Kuɗin shekara ya zo a layin ƙarshe. Abin da aka gaya maka a waya ka ce a turo shi ta imel. Ka kuma tabbatar kamfanin da ke bayan takardar yana da rajista da hukumar kula da inshora ta ƙasarsa, kuma akwai inda ake kai ƙara in an saɓa.

Mataki na 9: Bayan an sa hannu

Ka buɗe fayil guda: rahoton duba turke, rasit na sarƙa da igiya, hotunan zoben sarƙa da ma'auni a jikinsu, hoton yadda igiya ta bi goshi da rigar da ke kare ta, ranakun leƙawa. Ka ajiye kwafi a waya. Idan ka canza turke, ko na mako biyu ne, ka sanar kafin ka matsa. Idan za ka bar jirgi ya daɗe a ɗaure, ka sauke filafilin gaba da rumfa, domin filafilin da ya warware cikin iska yana jan jirgi da ƙarfin da ba a yi turken dominsa ba.

Ranar da aka kira ka aka ce jirgi ya tsinke, ka fara da hukumar tsaron gaɓar teku ko ta tashar, sannan lambar gaggawa ta kamfanin. Takarda ta ɗora maka ɗaukar matakin da ya dace don kada ɓarna ta ƙaru, kuma galibi ana mayar da kuɗin da ka kashe a kan haka. Kada ka amsa laifi ga mai jirgin da aka buga, ka ba shi bayanan inshorarka kawai. In mai jan jirgi ya zo, ku yi magana tun kafin ya ɗaura igiya ko ja ne na ƙayyadadden kuɗi ko ceto, in da hali kamfani ya ji. Guntun sarƙa ko igiyar da ta yanke kuwa kada ka bari a jefar. Ka ɗauki hotonta a inda take, ka sa ta a jaka ka adana, ita mai binciken kamfani zai fara nema.